Wasan da Muka Buga da Yunwa

Shekaran jiya na bi ta tsohon filinmu na ƙwallo a Ƙonni, ban gane shi ba sai da na ga tsamiyar nan ta gabas, ita ma an sare mata rabin jiki don a wuce da wayar lantarki. An yanka filin gunduwa-gunduwa kamar naman layya. Inda turakun golan yamma suke, wani ya kafa rumfar sayar da mai a kwalba. Inda muke tsayawa mu shafa fatiha kafin a busa usur, ƴan kabu-kabu ne suka jera baburansu suna ta hayaniya a kan fasinja. Na tsaya dogare da sandata ina kallo, sai wani saurayi sanye da rigar wata ƙungiyar Turai ya danna mini oda, ya ce in matsa na tare hanya. Na matsa. Amma tun daga lokacin zuciyata take tafasa, ko abincin kirki ban ci ba. Jikokina suna biyan kuɗi su shiga rumfar kallo su yi ta ihu saboda mutanen da ba su san akwai wani gari Ƙonni a duniya ba. Sun haddace sunayensu har da na matansu. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa tambayata me ya faru a wannan fili, ko me ya sa kakansu, wanda ya buga ƙwallo ya kuma koyar da ita, ba ya ko juyawa in ya ji ana ihun an ci gola.

Mu da tsumma muka fara. Mu tara tsofaffin ƙyallaye, mu dunƙule, mu ɗaure da igiyar kaba, mu yi ta dukanta a lungu har ta warware. Ƙwallon fata ta farko da na taɓa gani, wani mushe, wato malamin boko, shi ne ya zo da ita lakwal, makarantarmu, mutumin kudu ne wanda Hausarsa ba ta fita sosai. Tana da tsiliya irin ta takalmi a baki, in ka sa mata kai tsiliyar ta same ka a goshi sai jini. Da famfon keke muke hura ta, in ta yage mu kai wa baduku ya ɗinke, mu zauna a gabansa muna kallon basillarsa kamar masu jiran mara lafiya. Kuma ba a kai wa ga ƙwallo sai an gama aikin gida. Da damina sai na yi noma har rana ta take, na yiwo wa jaki ciyawa, na ɗebo ruwa na cika randunan innata, sannan in sulale. Mahaifina bai taɓa son abin ba. Yakan ce bai ga hankali a wurin ƙato da ƙarfinsa ya bi busasshiyar fata yana gudu ba, alhali ga wake can a gona yana jiran tsinka. Ya sha tsinke mini tsumagiya a jiki. Ban daina ba, shi ma bai daina faɗa ba har ya koma ga Allah.

Filin nan da ake sayar da mai a kansa yau, hannuwanmu ne suka yi shi. Dajin tsidau ne da ƙarangiya. Da hauya muka share shi, muka riƙa jan tsofaffin buhuna a ƙasa don su kwashe ƙaya, domin ba mai takalmi a cikinmu. Azarar giginya muka roƙo muka kafa turaku. Duk ranar wasa sai mu bi gida-gida muna roƙon mata tokar murhu, da ita muke ja layi. Ba wanda ya ba mu ko dala, ba wanda muka jira. Yau in ka ce wa matasa su share wuri su yi wasa, sai su tambaye ka wa zai ɗauki nauyi.

Da na bar lakwal na shiga koyon ɗinki, amma ƙwallo ita ce rayuwata. Baya nake tsarewa, kuma ba yabon kai ba, ɗan gaba in ya hango ni yakan nemi wata hanya. Mun buga a Illela, mun buga a Badaguishiri, inda muke tafiya a saman kamyo, babbar motar kaya, a kan buhunan albasa, mu sauka idanunmu na hawaye rigunanmu na wari. Duk garin da muka je sai an tare mu da kalangu, a kawo ƙoren fura mai sanyi tun kafin a yi maganar wasa. Ko mun cinye su ko sun cinye mu, sai an zauna an ci tuwo tare, wanda ya taka ka a fili shi ne zai tura maka nama gabanka. A Malbaza ƙafata ta ƙare. Filinsu duwatsu ne, na tashi sama na dawo a kan guiwa, na ji ta yi ƙara kamar an karya kara. Wata uku ina kwance hannun mai ɗori. Da na tashi, ƙafar ta ɗauke ni zuwa kasuwa da masallaci, amma gudu ya ƙare har abada.

Haka na zama mai horar da ƙungiyarmu, ba don an naɗa ni ba, sai don ba wanda ya san abin kamar ni, kuma na kasa zama a shago in ji ƙarar ƙwallo daga nesa. Na rataya usur a wuya. Bayan sallar asuba nakan fitar da su su yi gudu a cikin yashi har rana ta fito, da la'asar mu koma fili. Ni mai zafi ne, na sani. Wanda ya makara sai ya zagaya fili har ya ga jiri, wanda ya sha taba na kore shi ko da shi ne ya fi kowa. Suna tsorona, suna kuma ji da ni, duk abin da na ce shi ke nan, ba mai musu. A lokacin ina alfahari da wannan.

A kasuwar Dogarawa na samo wanda ya fi kowa a duk waɗanda suka bi ta hannuna. Wani maraƙi ne ya tsinke ya yi cikin mutane, sai na ga wani dogon saurayi ya bi shi da gudu, yana tsallake tabarmin masu tsamiya da ƙoren masu nono ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba, har ya cim masa ya murɗe wuyansa ya kayar. Na bi shi na tambaye shi ko ya taɓa buga ƙwallo. Ya yi dariya, ya ce shi dai shanu ya sani. Ɗan makiyaya ne masu noma, mahaifinsa ya rasu, yana riƙe da tsohuwarsa da matarsa a wani ƙauye bayan Dogarawa. Dogo muke ce masa. Wata shida na yi ina koya masa yadda ake tsayar da ƙwallo da cikin ƙafa, ina zaginsa yana murmushi. Da ya gane, ba a sake samun mai kama shi ba. In ya karɓi ƙwallo a gefe ya sunkuyar da kai, sai ka ji masu kalangu sun canza kiɗa tun bai kai gola ba. Ranar wasa yakan hau duk motar da ya samu ya zo, ya buga, ya sha ruwa, ya koma ga shanunsa. Bai taɓa ce mini a'a ba, ko sau ɗaya.

Sai shekarun fari suka zo. Yaran yanzu in farashin shinkafa ya tashi sai su ce ana yunwa. Ba su san yunwa ba. Damina ta yi ta zuwa tana wucewa, gero ya fito ya kai guiwa ya bushe a tsaye. Ƙarar sussuka da daka da muka tashi muna ji kowace safiya ta ɗauke daga unguwanni, gari ya yi tsit kamar an yi rasuwa a kowane gida. Mata suka koma tsintar anza suna jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗaci ya fita, ana dafa dussa, ana cin ganyen da da jaki kaɗai ke ci. A bakin hanya mushen shanu ne ko'ina, ungulu sun ƙoshi har ba sa iya tashi. Mutanen arewa suka yi ta kwararowa Ƙonni da ƴaƴansu a kafaɗa. Ƴan wasana rabi suka tsallaka iyaka neman abin kai wa baki. Waɗanda suka rage, na daina fitar da su gudun asuba, don ba a sa mutum gudu da ruwan dussa a cikinsa. Shanun Dogo duk suka mutu, ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani attajiri a garin, ɗan kasuwar iyaka, wanda shekarun baya ya saya mana riguna kore masu lamba. Tun daga ranar ya ɗauka ya saye mu gaba ɗaya, duk inda ya zauna sai ya ce ƙungiyarsa. Alhajin nan yana da wani abokin gasa a tsallake, attajiri irinsa mai tasa ƙungiyar, sun yi ta yi wa juna cika baki a kan wa ya fi ƴan wasa. A tsakiyar bazara, a tsakiyar wannan yunwa, ya aiko aka kira ni ya ce ya gayyato su, za su zo ranar Juma'a mai zuwa, kuma yana son a cinye su a gaban jama'a. Na durƙusa a gabansa na ce, Allah shi ja kwana, yaran nan ba su da ƙarfin wasa, a bari sai an samu damina. Ya ce ya riga ya yi magana, ba ya mayar da ita. Na ce to a ciyar da su ko na kwana biyar ne kafin ranar, ga rumbunansa nan a cike, kowa ya sani. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce ai mai yunwa ya fi gudu, jikinsa ba nauyi. Waɗanda ke zaune a tabarmarsa suka taya shi dariya. Ya ciro goro ya ce in raba wa yara.

Ya kamata in ajiye masa goronsa in tashi in tafi. Ban yi ba. Na karɓa na sa a aljihu. Shekaru da yawa ina gaya wa kaina tsoronsa na ji, don mutum ne da jandarma ke tashi tsaye in ya shigo. Amma na tsufa yanzu, ƙarya ba ta da amfani a wurina. Ni ma ina son wasan. Ƙungiyar tsallake ta taɓa cinye mu lokacin ina bugawa, abin bai bar raina ba, kuma na san da Dogo a gefe za mu iya. Na aika masa da saƙo ta bakin wani direba.

Ya iso ranar Juma'a da hantsi, a saman wata motar itace. Da ya sauko sai da na kau da kai. Wuyansa ya yi tsawo, idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun tsattsage, ƙafafunsa kuma sun kumbura har idon sawu ya ɓace. Na san abin da wannan kumburi yake nufi, duk wanda ya rayu a shekarun nan ya sani. Na tambaye shi yaushe rabonsa da abinci. Ya ce ya ci. Daga baya na ji cewa abin da ake samu a gidan, tsohuwarsa da matarsa mai ciki yake turawa, shi ya ce ya ci a waje. Na kai shi gidana, matata ta dama masa ɗan garin rogon da ya rage mana. Ya sha rabi ya ce cikinsa ya ƙi karɓa. Na gan shi da idona, na kuma miƙa masa koriyar riga.

Mun saba wasa bayan la'asar, in rana ta yi sanyi. Ranar nan Alhaji ya ce da an sauko daga Juma'a za a fara, don baƙinsa su ci abinci su tsallaka iyaka da sauran rana. Rana tana tsakiyar kai, yashi yana ƙona tafin ƙafa. An kafa wa manya rumfa da kujeru, ana zagaya musu da ruwan sanyi. A gidan Alhaji, da ke kallon filin, an yanka raguna tun safe, iska tana kwaso ƙamshin suya tana kawo wa ƴan wasana har tsakiyar fili. Ƴan tsallake suka shigo da takalma, ƙosassu, jikinsu na sheƙi. Duk da haka, kafin a tafi hutu Dogo ya tsere wa biyu daga cikinsu ya zura ƙwallo. Gari ya ɗauki ihu. Alhaji ya miƙe yana kaɗa babbar riga yana nuna abokin gasarsa da yatsa.

Da aka busa hutu suka zo gindin tsamiya suka zube. Dogo bai zauna ba, ya dafa itacen da hannu biyu yana numfashi da baki. Na matsa kusa da shi, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada sauran su ji.

"Maigida, hidda ni. Duhu nika gani."

Shekara nawa yana hannuna, wannan ne karo na farko da ya roƙe ni wani abu. Ina da mutum biyu a zaune da za su iya shiga. Na dubi rumfar manya, na ga Alhaji yana ɗago mini hannu yana murna. Na dubi ƴan tsallake suna shan lemo. Na zuba wa Dogo ruwa a ka, na dafa kafaɗarsa.

"Daure, Dogo. Saura kaɗan."

Ya gyaɗa kai ya koma fili. Bai daɗe ba aka jefa masa wata doguwar ƙwallo a gefe. Ya sunkuyar da kai ya bi ta kamar yadda ya saba, masu kalangu suka canza kiɗa. Sai na ga ƙafafunsa sun harɗe, ya tafi gaba ya faɗi a kan fuskarsa, ba wanda ya taɓa shi. Mutane suka yi dariya, sun ɗauka tuntuɓe ne. Ni na san ba tuntuɓe ba ne. Na ja gurguwar ƙafata na isa wurinsa, na juya shi, jikinsa zafi kamar garwashi, ba ɗigon gumi ko ɗaya, idanunsa a buɗe ba ya ganina.

Muka ɗauke shi zuwa inuwa. Na ɗingisa zuwa rumfar manya na roƙi Alhaji motarsa a kai shi likita. Ya ce baƙi motar za ta mayar, in nemi wani abu, kuma in sa wani a madadinsa a ci gaba, kada a ba shi kunya a gaban mutane. Kafin in dawo gindin tsamiya an busa usur, an ci gaba da wasa, kalangu na tashi. A amalanken jaki muka ɗora shi, ni da mai amalanken, ina riƙe da kansa a cinyata ina ɗiga masa ruwa a leɓe. Muna tafe ina jin ihun ƴan kallo a bayanmu. Ba mu kai ƙofar likita ba ya cika.

Na bar shi a can an lulluɓe shi, na dawo. An gama wasa, wai mun ci. Na tarar da ƴan wasana a ƙofar gidan Alhaji suna tsaye a rana, suna jiran baƙi su gama a miƙo musu ragowa. Na ce kowa ya tuɓe rigarsa ya ba ni. Na tattara su, na shiga zauren ba sallama, na tarar da Alhaji da baƙinsa zagaye da farantan nama. Na gaya masa yaron ya rasu. Ya tsaya da tauna, ya yi salati, sannan ya ce, "Kwananshi na yaƙ ƙare. Allah shi jiƙan shi." Ya juya ga baƙonsa zai ci gaba da magana. Na zuba masa rigunan nan masu gumi da ƙasa a cikin farantin da ke gabansa. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa babba ba, har yaransa suka fitar da ni da ƙarfi. Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, ana yi masa kirari, ya mutu aka cika maƙabarta. Ban je ba. Amma shi bai ji abin da Dogo ya ce a gindin tsamiya ba. Ni na ji.

An yi wa Dogo sutura a Ƙonni da yamma, don zafi ba ya barin a jira. Washegari da sassafe na hau mota zuwa Dogarawa, daga nan na taka da ƙafa zuwa ƙauyensu. Labari ya riga ni isa. Gidan ba kowa sai ƴan tsofaffi biyu-uku a ƙofa, maza duk sun tafi neman abinci. Turakun shanu a tsaye ba ko ɗaya a ɗaure. Matarsa na cikin ɗaki, ina jin kukanta ƙasa-ƙasa. Tsohuwarsa ta fito, ƴar ƙaramar mace, ƙashi da fata, ta shimfiɗa mini buzu ta zauna nesa kaɗan. Na yi mata gaisuwa ta amsa. Duk hanya ina shirya abin da zan ce, cewa faɗuwa ya yi, cewa ba wanda ya san ba shi da lafiya. Ba ta ba ni dama ba.

"Ɗan nan, kai na mai koya mishi wasan?"

"Ni na, Inna."

"Ya hwaɗi maka bai iyawa?"

Na ce, "Ya hwaɗi."

"Mi kac ce mai?"

"Na ce shi daure, saura kaɗan."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta ce ɗanta tun yana yaro ba ya cewa ya gaji, in ya faɗa to abin ya kai. Ta tashi da ƙyar ta shiga ciki. Na zauna ina jin motsin ƙwarya da ludayi. Na cire usur daga wuyana na ajiye a gefen buzun, ban sake rataya wani ba tun daga ranar. Na yunƙura zan tafi sai ta fito da ƴar ƙwarya, dussa ce aka jiƙa da ruwa, ita ma ba ta kai rabi ba. Na san ita ce abincin gidan na ranar, nata da na mai cikin. Na ce Inna a bar shi, na ƙoshi, a ba yarinyar. Ta ajiye ƙwaryar a gabana.

"Sha," ta ce. "Hanya da nisa. Mu nan ba mu aika mutum cikin rana da yunwa."

Na ɗauka da hannu biyu. Tana tsaye a kaina har na shanye.